Magudana Biyu daga Tushe Ɗaya: Tsohuwar Amfilifaya da Mas'alar Talfiƙi

Amfilifaya, wato na'urar da ke karɓar sauti mai rauni a siffar lantarki ta ƙarfafa shi har lasifika ta iya furta shi, ta daɗe da zama kayan aikin yau da kullum a masallatai da wuraren wa'azi da gidajen biki, amma irin wadda aka ƙera kafin yaɗuwar taransisto tana da wata siffa da ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana haska wata tsohuwar mas'ala ta ilmin usulul fiƙhu. Waccan tsohuwar na'ura da bawul take aiki, shi kuwa bawul kwalba ce ta gilashi mai kama da ƙwan fitila, wadda aka zuƙe iskar cikinta, aka sanya mata zaren da ke yin zafi da wata 'yar raga ta ƙarfe, ta yadda ɗan lantarkin da ya sauka a kan ragar zai riƙa sarrafa babban lantarkin da ke ratsa kwalbar. Ba'amurke Lee de Forest ne ya fito da wannan tsari a 1906, kuma da shi rediyo da silima da lasifika suka yi aiki kusan rabin ƙarni, kafin taransiston da aka gano a 1947 ya ture shi daga yawancin kayan gida.

Lokacin da Leo Fender, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fitar da gitar bes ta lantarki a 1951, wato gitar nan mai tsirkiya huɗu da ke riƙe kaurin kiɗa daga ƙasa, sai ya bi ta da amfilifayar da ya kira Bassman a 1952. Samfurinta na 1958 zuwa 1960, mai lasifika huɗu, shi ne ya fi shahara, har Jim Marshall ya kwaikwayi tsarinsa a Landan a 1962 ya ƙera JTM45. A fuskar waɗannan na'urori akwai kafofin shiga guda huɗu, alhali makaɗi waya ɗaya ce a hannunsa, kuma dalili shi ne an raba cikinsu gida biyu, kowane gida da kafa biyu da nasa abin murɗawa na ƙara murya. Kowane gida shi ne ake nufi da magudana a nan, domin hanya ce da sauti ke bi shi kaɗai kafin ya haɗu da na ɗaya hanyar a gaba. Ɗaya magudanar tana fitar da sauti mai kauri da duhu, ɗayar kuma an ƙara mata wani ɗan abu da ke barin siraran muryoyi su wuce da sauƙi, don haka sautinta ya fi kaifi.

Makaɗa sun gano cewa kafofi biyu na magudana guda a haɗe suke daga ciki, saboda haka idan aka soka wayar gita a kafa ta farko, aka ɗauki wata gajerar waya daga kafa ta biyu aka kai ta kafar farko ta ɗaya magudanar, sauti guda zai bi hanyoyin biyu a lokaci ɗaya, sai makaɗin ya riƙa gauraya kauri da kaifi yadda kunnensa ya so. Wannan dabara ba ta ƙara wa na'urar ƙarfi fiye da iyakarta, tun da manyan bawulolin ƙarshe da taransifomarsu ne ke yanke iyakar ƙarfin. Abin da take kawowa shi ne cika da launi. A Bassman na waɗancan shekaru da Marshall mai kafa huɗu haɗin yana tafiya lafiya. A wasu na'urorin kuma, irin su Twin Reverb da Deluxe Reverb da Fender ya fitar daga 1963, wanda ya yi wannan haɗi zai ji abin da bai zata ba: yana ƙara muryar magudana ta biyu, sautin yana ramewa, kaurin yana zubewa, har ya koma kamar ana kiɗa a cikin gwangwani.

Dalilin wannan ramewa shi ne asalin abin da ake son dubawa. Sauti a siffar lantarki hawa da sauka ne, kuma a irin haɗin da aka fi yi, duk bawul ɗin da sauti ya ratsa domin a ƙarfafa shi yakan juya shi, inda yake hawa ya koma sauka, inda yake sauka ya koma hawa. Idan magudanai biyu sun ratsa matakai masu adadi ɗaya, sautinsu zai iso mahaɗa da taku ɗaya, su tura takardar lasifika tare su janye ta tare. Idan kuwa ɗaya ta fi 'yar'uwarta da mataki guda, kamar yadda yake a na'urorin da aka ƙara wa sashen amsa-kuwwa, to a daidai lokacin da wannan ke turawa waccan janyewa take yi, tamkar mutum biyu a bakin rijiya da igiyar guga ɗaya, ɗaya na ja ɗaya na saki. Kowace magudana ita kaɗai lafiyarta ƙalau, tushensu kuma ɗaya ne, tsirkiya guda ce aka taɓa. Abin lura mafi girma shi ne abin da ke ɓacewa: sashen sautin da magudanan biyu suka yi tarayya a kansa shi ne ke share juna, abin da ya saura a kunne kuwa shi ne ɗan bambancin da ke tsakaninsu.

Unguwar Oloumi, a kudancin Libreville, babban birnin Gabon, kan hanyar da ke zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo, wuri ne da ya dace a yi wannan tunani a cikinsa, domin unguwa ce ta masana'antu da manyan ɗakunan ajiya da kasuwa, inda ake baje yadi da takalma da kayan lantarkin da aka shigo da su daga ƙasashe dabam-dabam, har mutane suna yi wa sashen kasuwar laƙabi da Ƙaramar Dubai. Duk wanda ke mu'amala da irin waɗannan kaya ya san cewa abin da aka ƙera domin wata ƙasa ba a jona shi kai tsaye, tun da wutar Gabon mai ƙarfin volt 220 ce, tsohuwar na'urar Amurka kuwa an gina ta ne a kan kusan rabin haka, sai an sa taransifoma a tsakani. Musulmin birnin ma daga hanyoyi da yawa suka taru. Akwai Hausawan da kakanninsu suka gangaro ta Kamaru da fatauci suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul a arewacin ƙasar, akwai 'yan kasuwa daga Nijar da Nijeriya da Mali da Sanagal, akwai Labanawa, akwai kuma 'yan ƙasar da suka musulunta, musamman bayan musuluntar shugaba Omar Bongo a 1973. Mafi yawansu Malikawa ne da suka tashi a kan Ahalari da Ishmawi da Risala, sai dai wayar da ke aljihun kowannensu tana kawo masa fatawa daga Makka da Alƙahira da Kano a rana ɗaya, kuma mai fatawar ba kasafai yake bayyana mazhabar da ya gina amsarsa a kanta ba.

Abin da malaman usulu suke kira talfiƙi kalma ce da aka samo daga ɗinki, wato a haɗa ƙyalle biyu a ɗinke su su zama tufa ɗaya, kuma a fiƙhu tana nufin mutum ya ɗauki hukuncin wani limami a wani sashe na aiki, ya ɗauki na wani limamin a wani sashen na wannan aikin dai, har a sami siffar da babu ko ɗaya daga cikinsu da ya faɗe ta a haɗe. Ya bambanta da komawa ga wata mazhaba a mas'ala ɗungurungum, wanda ke daidai da zare waya daga wannan magudana a soka a waccan. Misalin da littattafai suka fi kawowa na alwala ne. A mashahurin zancen Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce, taɓa mace kuma ba ya warware alwala sai da nufin jin daɗi ko samunsa. A wajen Shafi'i shafar wani ɓangare na kai ta wadatar, amma haɗuwar fata da macen da ba muharrama ba tana warwarewa ko babu sha'awa. Wanda ya shafi ɓangaren kai yana bin Shafi'i, sannan ya taɓa matarsa ba tare da sha'awa ba yana bin Malik, ya tashi salla da alwalar da Malik zai ce ba ta ƙullu ba, Shafi'i kuma ya ce ta warware. Hukunce-hukuncen duka biyu daga aya guda aka ciro su, aya ta shida ta Suratul Ma'ida.

Tunanin cewa mazhabobi magudanai ne daga ido ɗaya tsoho ne, kuma Abdulwahab al-Sha'arani, malamin Masar da ya rasu a 1565, ya gina littafinsa al-Mizan a kansa, inda ya nuna cewa maganganun limamai duk daga shari'a ɗaya suke kwararowa, wasu a matakin tsanantawa domin mai ƙarfi, wasu a matakin sauƙaƙawa domin mai rauni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi wannan hanya a rubuce-rubucensa na ƙarshe, musamman Najmul Ikhwan, inda ya hana ɗalibai yin inkari a abin da malamai suka yi saɓani a kansa, kuma kayan kiɗa na cikin abubuwan da shi da ƙanensa Abdullahi suka bambanta a kai, Abdullahi ya fi tsanantawa. Buga misali da amfilifayar makaɗa ba yanke hukunci ne a wancan saɓani ba, tun da bawul ɗin da ya ɗauki muryar gita shi ne kuma ya ɗauki muryar ladani. Abin da misalin ke nunawa shi ne cewa kasancewar tushe ɗaya, duk da gaskiyarsa, bai isa hujja a kan cewa duk haɗin da aka yi zai haifar da ƙari ba, domin tsakanin tushe da mahaɗa akwai matakai, kuma kowane limami yana da nasa adadin matakan: Malik, wanda ya rasu a 795, yana ratsa nassi ta aikin mutanen Madina da toshe kafar ɓarna, Abu Hanifa, wanda ya rasu a 767, yana ratsa shi ta ƙiyasi da istihsani, wato barin zahirin ƙiyasi saboda wata hujja da ta fi shi ƙarfi.

Malamai ba su haɗu a kan haramcin talfiƙi ba. Al-Dasuƙi, wanda ya rasu a 1815, ya kawo a hashiyarsa kan sharhin Dardir na Muhtasar cewa Malikawan Masar suna hana shi a ibada guda, na Magrib kuma suna halatta shi, kuma an rinjayar da zancen na Magrib. A cikin Hambalawa Mar'i al-Karmi ya yi rubutu yana halattawa, al-Saffarini ya zo daga baya ya yi masa raddi. Hujjar masu halattawa tana da nauyi: a zamanin sahabbai mutum yakan tambayi wannan a kan wata mas'ala, ya tambayi wancan a kan wata, ba wanda ya ɗora masa binciken ko amsoshin sun dace da juna, kuma Malik bai taɓa cewa alwalar mabiyin Shafi'i ɓatacciya ce a haƙƙin mabiyin ba. Hujjar masu hanawa kuwa ita ce tsoron abin da al-Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya yi gargaɗi a kansa a al-Muwafaƙat, wato bibiyar rangwame, inda mutum ke tsintar mafi sauƙi daga kowace mazhaba har son ransa ya zama shi ne limaminsa.

Idan aka auna ɓangarorin biyu da abin da ke faruwa a cikin amfilifaya, za a ga cewa misalin alwala, duk da shahararsa, shi ne mafi rauni a hannun masu hanawa. Gwargwadon abin da ake shafawa a kai tambaya ce da ta rataya a kan ma'anar harafi ɗaya a ayar, abin da ake nufi da taɓawa kuma tambaya ce dabam da ta rataya a kan wata kalmar, kuma ba a ga wata manufa guda da Shafi'i ya sassauta mata a kai domin ya tsare ta a taɓawa ba. Da mujtahidi na uku zai duba ayar, ba abin da zai hana shi ya dace da Shafi'i a ta farko ya dace da Malik a ta biyu. Irin wannan haɗi ya fi kama da gaurayar kauri da kaifi a magudanai masu taku ɗaya, kuma a nan zancen Malikawan Magrib ya fi kusa da daidai, ko da yake wanda ya shafi kansa duka ya huta da tambayar.

Mas'alar aure ce ke nuna ainihin sharewa. Abu Hanifa ya yarda mace baliga mai hankali ta ƙulla aurenta ba tare da waliyyi ba, amma ya wajabta shaidu biyu a wajen ƙullawa, babu su babu aure. Malik bai sa halartar shaidu sharaɗin ƙullawar kanta ba, ya ce a kafa su kafin tarewa, amma ya tsaya kai da fata a kan waliyyi, ya kuma ƙi auren da aka yi yarjejeniyar ɓoye shi. Kowannensu ya bar ƙofa ɗaya a buɗe ne saboda ya ajiye mai gadi a ɗayar, abin da suke gadi kuwa ɗaya ne: kada aure ya zama abin da mutum biyu suka ƙulla a ɗaki, wanda namiji zai iya musantawa gobe. Wanda ya ɗauki rashin waliyyi daga Abu Hanifa, ya ɗauki rashin shaidu daga Malik, ya share daidai abin da limaman biyu suka yi tarayya a kansa, ya tsira da rangwamen kowannensu tsirara. Al-Ƙarafi, Bamaliken Masar da ya rasu a 1285, da irin wannan misali ya kafa sharaɗin cewa kada haɗin ya kai ga siffar da ta saɓa wa ijma'i, kuma Majalisar Fiƙhu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta sanya wannan cikin abubuwan da ke haramta talfiƙi, tare da bin son rai da rushe hukuncin alƙali.

Wahalar ita ce ba a gane wane haɗi ne wane daga fuskar na'ura. Kafofin Bassman da na Twin Reverb iri ɗaya ne a ido, gajerar wayar ma ɗaya ce, sai wanda ya karanta zanen cikin na'urar ya ƙirga matakan ne zai san abin da zai faru kafin a kunna, kuma buɗe cikin ba aikin kowa ba ne, domin akwai wuraren da ke riƙe lantarkin da ya haura volt 400 ko bayan an zare waya daga bango. Haka fatawar da ta iso waya a matsayin jumla ɗaya ba ta zuwa da sharuɗɗan da mai ita ya ɗaure ta da su a wani babin. Malaman Hanafiyya na Indiya sun fahimci wannan lokacin da matan da mazajensu suka ɓace ko suka yi watsi da su suka rasa mafita a mazhabarsu: Ashraf Ali Thanawi ya rubuta wa malaman Malikiyya na Madina yana tambayar hukuncin da dukkan sharuɗɗansa, ya wallafa sakamakon a 1933, daga nan aka sami dokar raba auren Musulmi ta 1939. Masar ma ta ɗauko raba aure saboda rashin ciyarwa da saboda cutarwa daga Malikiyya a dokokinta na 1920 da 1929. A duka biyun an ɗauki magudanar ne tun daga kafarta har mahaɗarta, kuma masu ɗaukar sun san cikin gidajen biyu.

Akwai inda misalin ya gaza, kuma gazawar tasa tana ƙara wa mas'alar nauyi. Makaɗin da ya haɗa magudanai masu saɓanin taku yana jin ramewar nan take, ya zare wayar, bai yi asarar komai ba, wasu ma suna son wannan siririn sauti su bar shi da gangan, tun da a kiɗa kunne ne alƙali. A aure ba a jin ramewar ranar ƙullawa. Tana bayyana ne bayan shekaru, ranar da aka musanta ɗa, ko aka zo rabon gado aka ce ba a san da matar ba, kuma sau da yawa wanda ya yi haɗin ba shi ne ke ɗaukar nauyinsa ba. A birni irin Libreville, inda baƙo ke iya shekara goma danginsa na Maraɗi ko Katsina ba su san abin da yake ciki ba, inda kuma babu kotun shari'ar Musulunci da za a kai ƙara, wannan haɗari ya fi kusa da mutane fiye da yadda yake a Kano.

Nisan waliyyi, wanda shi ne uzurin da aka fi kawowa a zaman baƙunci, yana da magani a cikin Malikiyya ita kanta, ba sai an miƙa waya zuwa wata magudana ba. Uban da ke Damagaram yana iya wakilta wani amintacce a Libreville ya ɗaura auren 'yarsa a madadinsa, kuma a yau wakilcin bai wuce kiran waya a gaban shaidu ba. Matar da ba ta da waliyyi na jini, kamar wadda ta musulunta danginta ba Musulmi ba ne, waliccinta yana komawa ga hukuma, idan babu kuma ya koma ga waliccin Musulunci na gaba ɗaya, inda wani Musulmi adali zai tsaya mata. Malikawa sun kuma tabbatar da cewa jama'ar Musulmi tana tsayawa a matsayin alƙali a garin da babu shi, saboda haka limamin unguwa da dattawan 'yan kasuwa suna iya sauraron matar da mijinta ya tafi ya bar ta ba ci ba sha, su ba shi wa'adi, idan ya ƙi su raba auren, a rubuta a littafin masallaci da sunayen shaidu da kwanan wata.